Goro Ɗaya Da Rabi Tsakanin Sakkwato Da Ikko

Mun tashi da asuba ranar Talata, ana sallame salla, ni da maƙwabciyata da ta rantse sai ta raka ni tasha, kowacce da ƙunshi a ka, na ukun muna riƙe da shi kunne-kunne. Na ja ƙyauren gida na sa kwado, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da anka kawo ni gidan ina amarya, don a da gidan bai taɓa rasa mutum ba. Tun da na dawo, duk wadda ta shigo yi mini barka da hanya sai ta ce in ba ta labarin jirgin sama, har bakina ya gaji. To ga shi sau ɗaya, tun daga tushe. Wadda ba ta ji ba ta tambayi wadda ta ji.

Dalilin tafiyar kun san shi. Ɗana na fari, wanda ke aiki a Ikko wajen jiragen ruwa, an yi masa haihuwa, namiji, ya aiko a zo da ni suna. Ba na faɗin sunansa, ba kuwa yau zan fara ba. Ɗan Kalgo nake ce masa, don ranar da anka yaye shi ƙanwar ubansa ta goye shi ta tafi da shi Kalgo. Can ya girma, ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya. Haka munka tarar ana yi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, ba a yi masa magana baki da baki, in ya shigo ta nan ke ki fita ta can. Amma ko cikin masu kunya ni an san da zamana. A Gwandu har misali ake yi da ni, in an ga sabuwar uwa tana rawar kai da ɗanta a ce ta je ta ga yadda wance ta yi. Ina jin daɗin wannan magana, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne da magana na tafi a bakina. Zauren marigayi maigidana ya tsage tun daga sama har ƙasa, azara biyu sun ruɓe, magini ya duba ya ce in damina ta same shi haka ba zai ga kaka ba. Ɗiyana mata biyu suna ɗakunansu, ɗaya Yawuri ɗaya Argungu, zaure kuwa ba sha'anin mata ba ne. Ba abin gyara na rasa ba, ɗan Kalgo bai taɓa barina da yunwa ko tsumma ba. So nake mai zaure ya zo ya tsaya a kan zauren ubansa, mutanen unguwa su gan shi. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da Gwandu, tun gaisuwar uban. Duk tsawon shekarun nan, in mata sun fara yi mini shaguɓe wajen biki, ɗan wance ya zo salla, ɗan wance ya zo da mota, amsata ɗaya ce: Ikko ba nan kusa ba ce. Masu kai shanu sun ce kwana uku ne a mota, a ƙetare Kwara, a ratsa dajin da ba a jin Hausa. Wane ne zai bar aiki ya yi kwana shida a hanya don ya gaida tsohuwa? Da wannan nisa nake rufe bakin kowa, da shi kuma nake kwana.

Saboda nisan nan na yi shiri irin na mai dogon zango. Kwana biyu ina bin gidaje ina neman gafara, don wanda zai yi nisa ba ya tafiya da haƙƙin mutane. Har wadda munka shekara bakwai ba ma ga maciji saboda akuyarta da ta cinye mini shanyar kuɓewa, na je na ce ta yafe mini. Ta yafe da sauri har abin ya ba ni haushi. Na aika anka tambayo mini liman yadda ake salla a sama, ya ce a zaune, in kuma nemi ɗan dutsen taimama ko da ba ruwa. Na nema. Na daka dakuwa, na soya ƙuli-ƙuli, na sayi kilishi da dabino da goro ashirin. An dai ce mini jirgi na da sauri, na ji. Amma na yi lissafina: in mota kwana uku, shi ya yi kwana ɗaya da yini. Doki ma da saurinsa yakan kwana a hanya.

Takardar jirgin kuwa, Kalgo ya aika da ita, kamar yadda duk saƙonsa ke fara sauka can. Saboda haka sai na fara biyawa in ɗauki abokiyar tafiya, ɗiyar ƙanwar maigidan nawa, wadda sunka tashi ɗaki ɗaya da ɗan nawa, yanzu malamar makaranta ce. Uwar tata, wato mai riƙon nasa, ta rasu bara.

Motar Gwandu ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Muna zaune muna gumi, direba na can yana shan shayi kamar ba shi za a jira ba. A Kambaza munka tsaya anka ɗora buhunan albasa har motar ta durƙusa, mun ɗan taɓa gaba kaɗan taya ta fashe. Munka sauka ƙarƙashin wani gawo. Bazara ce, ƙasa kamar an zuba garwashi, gonaki an share ana jiran ruwa. Wata Bafillata ta zo da ƙwarya, na sayi fura da nono, ta ce naira biyu, na ce ko saniyar ma ta shiga aikin gwamnati ne. Birnin Kebbi kuwa tun da anka ba mu jiharmu ta rikice, ko'ina gini, ko'ina baƙin fuska da takardu a hammata. Can munka sake mota. Ban sa ƙafa Kalgo ba sai da anka fito sallar azahar. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa: asuba zuwa bayan azahar, Gwandu zuwa Kalgo.

Ɗakin marigayiyar anka sauke ni. Da la'asar mutanen gidan sunka fita fadama wajen shinkafa, na rage ni kaɗai, sai na ɗaga kai na ga bango. Hotunan ɗan Kalgo ne jere. Ga shi da gajeren wando da allon makaranta, ga shi ya fara gemu, ga shi ranar aurensa. Ni ko ɗaya ba ni da shi, ban taɓa tambaya ba, wa zai ji uwa na neman hoton ɗan fari? Na leƙa tsakar gida ba kowa sai kaji, na dawo na tsaya na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Ashe kunnuwan ubana gare shi. A bakin ƙofar ɗakin nan ne bara, da na zo ranar sadakar uku, ya durƙusa ya gaishe ni, na juya fuska na amsa wa bango. Mata sunka yi ta yabo. A raina na ce bawan Allah, kwana uku yana hanya, ko hutawa bai yi ba.

Laraba da sassafe munka shiga tasi. Jega da hayaniyarta, Aliero da warin albasa, Tambuwal inda munka sayi ƙosai mai zafi a takarda, har Sakkwato. Filin jirgin yana bayan gari, fili ne fetal ba inuwa. Wani mai kaki ya ɗora kayana a sikeli, ya buɗe ya ga busasshen kifin Kalgo da daddawa da kwalbar man shanu, ya toshe hanci ya ce kaya sun yi nauyi. Na ce ai ba shi zai ɗauka ba. Malamar ta ja ni gefe ta yi musu Turanci anka wuce da su. Akwai mai sayar da shayi a wurin, da na ji kuɗin kofi ɗaya na ce a bar shi, ban zo sayen gona ba. Munka yi azahar a nan, sannan anka kira mu.

Ban ji tsoro ba, kada wata ta ƙara muku gishiri. Na hau matakala da bisimilla, na zauna jikin taga, wata budurwa mai ɗan kwali kamar na soja ta ɗaure ni da ɗamara a kujera. Da abin ya fara gurnani na ciro goro na fasa na jefa a baki. Ya yi gudu, ya yi gudu, sai na ji cikina ya rage a ƙasa ni na yi sama. Kunnuwana sunka toshe. Da na leƙa, Sakkwato duk girmanta ta koma kamar tsaba a faifai, gulbi kamar zaren da ya faɗi daga mazari. Can sai gajimare ƙarƙashinmu, fari tas kamar audugar da anka shiɓe, har inda ido ya tsaya.

Abin da ya dame ni da tafiyar sama, tafiya ce ba sannu. A ƙasa kina sanin kin yi nisa: harshe ya sauya, tuwo ya sauya, masu talla su zo taga, wani ya ce daga ina, ki ce daga Gwandu, ya ce ina su wane. A can ba gari, ba rijiya, ba mai ce miki barka da rana. Kowa ya kama bakinsa, ga mutane cike amma kamar ke kaɗai. Sun kawo ɗan burodi kamar dunƙulen hannu da shayi a kofin roba. Ban taɓa ba, na ce ina da guzurina, sai tafiya ta miƙa tukuna. Malamar ta taɓa ni ta nuna mini wani ruwa na walƙiya can ƙasa, ta ce Kwara ke nan. Na ce wace Kwara, wadda masu shanu ke kwana kafin su kai? Ta ce ita.

Na gama goron farko, na fasa na biyu, na ci ɓari ɗaya. Sai murya ta fito daga rufi, budurwar nan ta dawo tana duba ɗamarar kowa. Na ce wa malamar wane zango ne wannan, in sauka in yi alwala. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce Ikko ce.

Akwai wani alhaji a gefenmu, ɗan kasuwa mutumin Jega, tun da munka tashi yake karatun jarida. Na ce malamar ta tambaye shi ko dai wata Ikkon ce ta kusa. Ya ce guda ɗaya ce, hajiya. Ya ce daga filin Sakkwato zuwa na Ikko a sama kilomita ɗari bakwai ne da ɗoriya, a mota kuwa ya haura dubu, don hanya na lanƙwasa tana bin garuruwa, jirgi kuwa ba ya biya wa kowa. Ni ban san kilomita ba, ban san ko mudu nawa ce ba. Amma ya ƙara da abin da na gane: ya ce shi sau da yawa yakan karya kumallo a Sakkwato ya ci abincin rana a Ikko. Sai malamar, ba da wata manufa ba, yarinyar kirki ce, ta ce, "Ai ranar da Inna ta cika, da hantsi anka je Birnin Kebbi anka buga masa waya, kafin magariba yana Kalgo. Da tana jinya ma sau uku yana zuwa."

Ɓarin goron na hannuna, na ƙulle shi a gefen mayafi. Dutsen taimama na nan cikin jaka, ko salla ɗaya ba ta riske ni a sama ba. Jirgin ya taɓa ƙasa mutane na hamdala, ni ina zaune ina neman kwana ukun da na shekara goma sha ɗaya ina ba mutane, ban ga inda sunka shiga ba.

Ɗan Kalgo ya zo tarbarmu da kansa. Na gane shi tun daga nesa da tafiyarsa, irin ta ubansa, sai na sunkuyar da kai. Ya durƙusa a gaban jama'a ya ce Yaya an zo lafiya, na ce wa malamar ta ce masa lafiya lau. Takalmansa baƙaƙe ne masu igiya. Na fi sanin takalman yaron nan da fuskarsa. Amma da wutsiyar ido na ga furfura a gemunsa, abin ya buge ni, don ban san yaushe ta fito ba.

Ikko kuwa sai wanda ya gani. Su tuni ruwa ya sauka, ko'ina kore shar, iska mai nauyi kamar an jiƙa bargo an rufa miki. Hanya a kan hanya, gada a kan gada, motoci masu ruwan ɗorawa mutane na lilo a ƙofa. Munka shiga cunkoso munka tsaya cik, masu talla na bin mu da burodi da agogo da maganin ɓera. Daga filin jirgi zuwa gidansa mun fi daɗewa a kan daga Sakkwato zuwa Ikko. Gidan a sama yake, hawa na uku, ba tsakar gida, ba inda za ki shanya ko barkono. Matarsa 'yar Zariya ce, mai ladabi, da jegonta ta tashi za ta ɗebo mini ruwa na ce ta zauna. Abincinsu teba da jar miya mai yaji har kunne, amma ta sa an tuƙa mini tuwon shinkafa da kifin da na kawo. Goro ne kawai na yaba, ɗanye sharaf, ga araha, wanda muke saye ɗaya a nan can uku ne.

Alhamis anka yi suna. Sunan uban nasa ya mayar, wato maigidana, kun ga shi ma jinjirin ba ni da bakin kiransa. Gida guda, maza biyu, ba wanda zan iya kira. Sai na ce masa maigida, da ma jika namiji mijin kakarsa ne. Baƙi sunka zo da manyan riguna sunka ci sunka watse, kafin la'asar gida ya yi tsit. Ba irin sunanmu ba da za a kwana uku ana wanke tukwane.

Kwana huɗu na yi bayan nan. Akwai ɗan wuri a bayan ɗaki mai shingen ƙarfe, nan nake zama in kalli titi. Dubban mutane na wucewa ƙasa, ba mai ɗaga kai. Maƙwabcin da ke jikin bangonsu ko sunansa ba su sani ba. Kullum da safe in ce yau zan yi maganar zaure, kullum in ya shigo falo ƙafafuna su tashi da kansu su kai ni ɗaki. Shekara arba'in da wani abu suna haka, ba ranar ɗaya za su daina ba. Kuma yanzu maganar ta zama biyu, ta zaure da ta goro, ta biyun ta fi ci mini rai.

Ranar Lahadi bayan la'asar, gobe za mu koma, malamar ta tafi kasuwa sayen atamfa. Mai jego ta ɗora mini jinjirin a cinya ta shige wanka, ina jin da gangan ta yi. Sai na ji motsinsa. Ya shimfiɗa darduma a bakin ƙofar ɗakin daga waje, ya zauna ya ba ni gefe, yana jan carbi. Na ga in ban yi yau ba, ba rana. Na ɗaga jinjirin na dube shi, na ce, "Kai maigida, ka kwanta nan kana shan iska, zaurenka na can zai faɗi. Ashe ma garinku ba nisa. Goro ɗaya da rabi ne, na gwada."

Carbin ya tsaya. Can ya yi magana, shi ma da jinjirin.

"Ka ce wa Yaya, Kalgo sukan aiko in zo. Gwandu ba a taɓa aikowa ba."

Na ce, "Ka ce masa uwa ba ta aika wa ɗan fari. Ba a yi."

"Ka ce mata na sani. Ina yaro, ranar kasuwar Kalgo nakan zauna bakin hanya in duba motar da za ta kawo mutanen Gwandu. Sau biyu na ga ta sauko. Ta wuce ni ta shafa kan ɗan maƙwabta."

Bai ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin wani. Gaskiya kuwa ya faɗa. Na tuna ranar, ta biyun. Yana sanye da 'yar shuɗiyar taguwa, da gyambo a ƙaurinsa na hagu, ƙudaje na bi. Na gani sarai. Na sayi alewa na ba ɗan maƙwabtan da yawa, wai ko ya raba da shi, na wuce kaina a sama, matan da ke tare da ni na cewa kai, wance akwai kunya. Gyambon nan na yi wata ina ganinsa in na rufe ido, ban tambayi kowa ko ya warke ba. Duk wannan yana bakina ranar Lahadin nan. Ban faɗa ba. Jinjirin ya tsula mini fitsari a zane, na ce kun ga maigida ya yi mini sallama, mai jego ta fito tana ba da haƙuri, magana ta mutu a nan.

Litinin ya kai mu filin jirgi. Malamar ta tafi wajen awon kaya, munka rage mu biyu a tsaye cikin mutane, ba jinjiri, ba bango. Ya durƙusa ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida. Ina kallon takalman nan masu igiya. Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Idanunsa jajaye ne kaɗan, akwai ɗan tabo a girarsa da ban san inda ya samo shi ba. Na ce, "Ka zo kafin ruwa ya sauka."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Ya ce, "Saƙon wa zan ce?"

Na ce, "Ba saƙon kowa ba ne. Ni na ce."

Ya sunkuyar da kai ya ce to. Iyakar abin da ya ce ke nan, ni ma ban ƙara ba, na juya na bi malamar kamar na yi sata. Ba wanda ya kula a cikin duk jama'ar nan. Ƙasa ba ta tsage ba.

Dawowa ban ci goro ba, ban leƙa taga ba. Mun sauka Sakkwato rana na tsaka, zafinmu na gida ya mare ni na ji daɗi. Munka kwana Kalgo. Da safe kafin in fito na ce wa malamar hoton nan mai gajeren wando ya yi ƙura, ta ba ni in goge mata shi a gida. Ta cire ta naɗe a takarda ba ta dube ni ba, Allah ya yi mata albarka. Hanyar Gwandu kuwa kamar kullum, jiran mota a Birnin Kebbi, tsayawa a Kambaza, sai bayan azahar na buɗe kwadona.

Kwana bakwai cif. Waɗanda na bi ina neman gafara sunka yi ta shigowa suna har kin dawo. Mai akuya ta ce da ta san mako ɗaya ne da ba ta yafe ba, na ce ta mayar da yafiyarta, ni ma kuɓewata na nan a raina. Dakuwa da ƙuli-ƙulin da na yi don hanya, yadda na ƙulle su haka na kwance na raba wa unguwa. Dutsen taimama na ajiye shi a kan taga.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, to ni abin da ta buɗe mini ban so ganinsa ba. Na tafi ina cewa Ikko ce mai nisa, na tarar Kalgo ta fi ta, don Ikko goro ɗaya da rabi ce, Kalgo kuwa yini guda ce da na yi shekaru ina zuwa ba na isa. Ban ce iyayenmu sun yi kuskure ba, kunya ado ce, da ita anka san mu. Amma ni na ƙara wa miyar gishiri don a yabe ni, an kuwa yabe ni, ga shi yabo ba ya gyara zaure. Daga yau kada wadda ta ƙara jin na ce nisa ne ya hana shi. In kun yi mini shaguɓe zan yi shiru.

Shekaranjiya magini ya zo da kansa, ya ce ya ga hadari na haɗuwa a gabas, in ba shi izini ya fara ko da tokara ce. Na ce ya bari, mai zauren na zuwa. Ya ce yaushe. Na ce mai zauren ya ce to. Ya dubi tsagar, ya dube ni, ya tafi yana kaɗa kai.

Ku da kunka san ni kun san ban taɓa zaman ƙofar gida ba, ko ina yarinya. To in kun wuce da la'asar kunka gan ni a bakin zaure a kan tabarma, kada ku tambaya. Daga nan ana hango inda motar Birnin Kebbi ke sauke mutane. Ɓarin goron na nan a gefen mayafina, ya bushe ya yi baƙi, ban ci ba.